Farnando Po: Tsibirin da Aka Tsare Sojojin Kamaru 6,000 a Yaƙin Duniya na Ɗaya

Mai karatu, a ce kai ne ke riƙe da wata 'yar ƙaramar ƙasa, dakarunka duka-duka ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba. Maƙwabtanka suna yaƙi, kai kuwa ka ce ba ruwanka. Kwatsam sai ga rundunar ɗaya daga cikinsu, wajen soja 6,000 da bindigoginsu, ta tsallako iyakarka tana neman mafaka. Bayanta ga mata da yara da 'yan dako dubu-dubu, bayan waɗannan kuma ga abokan gaba sun biyo sawu. Doka ta ce in dai ka karɓe su, to wajibi ne ka ƙwace makamansu, ka ciyar da su, ka tsare su har ranar da za a gama yaƙin. To da me za ka tsare mutanen da suka ninka dakarunka sau goma ko fiye?

Wannan ita ce tambayar da ta tunkari Ángel Barrera, gwamnan da Sifaniya ta ɗora a kan yankinta na gaɓar tekun Gini, a watan Fabrairun 1916. Amsar da ya samu ita ce teku. Ya loda su a jiragen ruwa ya kai su wani tsibiri da ake kira Farnando Po, wanda yau ake ce wa Biyoko, a ƙasar Ikwatoriyal Gini. Labarin ya shafe mu fiye da yadda za ka zata, domin cikin waɗanda suka koro su akwai sojojin da suka taso daga barikokin Kaduna da Kano da Lakwaja, kuma da a ce mutanen tsibirin nan sun samu yadda iyayen gidansu ke so, da wataƙila yau sai da fasfo za ka shiga Mubi.

Tsibirin kansa

Farnando Po yana cikin teku kudu da Kalaba, kimanin kilomita 32 daga gaɓar Kamaru. Faɗinsa ya ɗan haura murabba'in kilomita 2,000. In kana son ka kwatanta, ɗauki gandun dajin Kamuku da ke Birnin Gwari, ka ninka shi kusan sau biyu, ka zagaye shi da ruwan gishiri. Duwatsu masu aman wuta ne suka gina shi, mafi tsayinsu ya haura mita 3,000. Yana cikin wani jerin irin waɗannan duwatsu da ya faro daga tsakiyar teku, ya bi ta Dutsen Kamaru, ya hau tuddan Adamawa, har masana da yawa suna lissafa tsaunukan Biu na jihar Borno a cikinsa. Ruwan da ya raba shi da Kamaru zurfinsa bai kai mita 100 ba. Sama da shekara 10,000 da suka wuce, lokacin da ƙanƙara ta riƙe ruwan duniya mai yawa, da ƙafa ake zuwa wurin. Da ƙanƙarar ta narke teku ta hau, sai ya yanke.

Ƙasar dutsen aman wuta tana da albarka, ruwan sama kuma ba a magana. A kudancin tsibirin akwai inda ake samun wajen milimita 10,000 a shekara, alhali Kano a yawancin shekaru ba ta kai 1,000. Albarkar ce ta jawo masu gonakin koko, danshin kuma ya raini sauro da ƙudan tsando. Masu ƙasar na asali su ne Bubi. Wani Bafotugale mai suna Fernão do Pó ya iso a farkon shekarun 1470, aka laƙaba wa tsibirin sunansa, sannan a 1778 Fotugal ta miƙa shi ga Sifaniya.

Tun kafin yaƙin da muke magana, masu mulki sun gane amfanin wurin wajen jefar da wanda ya dame su. Turawan Ingila sun zauna a can daga 1827 suna farautar jiragen fataken bayi, kuma daga nan ne jakadansu John Beecroft yake juya al'amuran gaɓar Neja. A 1854 ya ɗauke Sarkin Bonny, William Dappa Pepple, ya kai shi tsibirin. A 1869, ana tsakiyar yaƙin neman 'yancin Kyuba, Sifaniya ta kwaso mutum kimanin 250 da take zargi da goyon bayan 'yan tawaye, ta haye Tekun Atilantika da su ta zube su a nan. Ba a damu da gina musu doguwar katanga ba. Zazzaɓi da teku sun wadatar.

Mutanen Birnin Gwari ba sa buƙatar dogon bayani a kan wannan dabara. Wanda aka shiga da shi tsakiyar Kamuku ko Kuyambana, ko an kwance masa igiya, ina zai nufa? Bai san gabas ba bai san yamma ba, ba ruwa ba guzuri. Abin da daji ke yi wa mai garkuwa da mutane a yau, shi teku ke yi wa gwamnatoci tun da daɗewa: yana rage musu kuɗin gadi.

Yadda yaƙin Turai ya iso Garwa

A 1914 Kamaru ƙasar Jamus ce, kuma ta fi ta yanzu girma. Dikwa da Bama da Gwoza da Mubi da Ganye da tsaunin Mambila duk suna cikinta. Jamusawa suna da rundunar baƙaƙen fata ƙarƙashin hafsoshi Turawa, wadda a farkon kafa ta suka cika da baƙi: mutanen Dahomey, da na Laberiya, da Sudanawa, da Hausawa. Zuwa 1914 yawancin sojojin 'yan ƙasa ne, musamman daga ƙabilun kudu irin su Ewondo da Bulu. Da yaƙi ya ɓarke aka yi ta ɗiba har suka kai kimanin 6,000.

A wannan ɓangaren kuma, a ranar 1 ga Janairun 1914, ranar da aka haɗe Kudu da Arewa, aka haɗe rundunoninsu aka yi Rundunar Najeriya mai bataliya biyar. Ta ɗaya tana Kaduna, ta biyu Lakwaja, ta biyar, ta mahaya dawaki, tana Kano. Gwamnatin Arewa a lokacin tana Zungeru, ba ta komo Kaduna ba tukuna. Hausa ce harshen bariki, ko da sojan Bazabarme ne ko Babarbare ko Dakarkari.

A ƙarshen Agustan 1914 Ingilishi suka shiga Kamaru ta hanya uku, suna ganin abin na 'yan makonni ne. Ko'ina sai da suka sha kashi. Waɗanda suka taso daga Yola suka afka wa ganuwar Garwa, bindiga mai ruwa ta tarbe su, kwamandansu Maclear ya faɗi a wurin. Waɗanda suka shiga ta Ikom aka tarwatsa su a Nsanakang ranar 6 ga Satumba. Waɗanda suka fito daga Maiduguri suka tarar Kyaftin Ernst von Raben ya haye dutsen Mora da mutanensa, suka yi ta hawa ana gangaro da su. Ta teku ne kawai abin ya yi kyau: Duwala ta faɗa hannun Janar Dobell ranar 27 ga Satumba.

Daga nan yaƙin ya zama na jan ƙafa. Garwa ba ta miƙa wuya ba sai 10 ga Yunin 1915, bayan an jawo manyan igwa ta kogin Binuwai. Ngaundare ta biyo baya a wannan watan, dutsen Banyo a Nuwamba. Jamusawa suka tattara a Yawunde. Babbar matsalarsu harsashi. Jiragen Ingila da Faransa sun toshe teku, abin da ke shigo musu sai ɗan abin da aka sato ta yankin Sifaniya na Rio Muni, sauran kuma da hannu suke haɗawa. Gwamna Karl Ebermaier da kwamandan soja Carl Zimmermann suka ga in suka tsaya za a kama su, in kuwa suka tsallaka ƙasar 'yan ba-ruwanmu, rundunar za ta zauna a dunƙule har a ga yadda za ta kaya a Turai. Da sojojin Ingila suka shiga Yawunde ranar 1 ga Janairun 1916, garin wayam. Mutanen sun kama hanyar kudu, tafiyar kimanin kilomita 200 cikin kurmi zuwa iyaka, kuma kafin tsakiyar Fabrairu sun tsallake.

Von Raben na can kan dutsen Mora bai sani ba. Sai da aka aika masa da labari, sannan ya sauko ranar 18 ga Fabrairu, bayan kusan wata 18. Cikin sharuɗɗansa har da a bar sojojinsa su koma gida, a kuma ba shi fam 2,000 ya biya su albashinsu. Aka ba shi. Ka riƙe wannan a ranka: waɗanda aka ci da yaƙi a Mora sun tafi gida da kuɗi a aljihu a 1916, waɗanda suka "tsira" zuwa ƙasar Sifaniya kuwa sai bayan shekara uku da wani abu.

Fursuna ko baƙo?

A nan akwai wani bambanci na doka da ya kamata ka gane, don shi ne ya haifi sansanin. Fursunan yaƙi shi ne wanda abokin gaba ya kama. Waɗannan kuwa ba wanda ya kama su, da ƙafarsu suka shiga ƙasar da ba ta cikin yaƙin. Yarjejeniyar Hague ta biyar, ta 1907, ta yi tanadin irin wannan. Sashe na 11 ya ce ƙasar da ta karɓi sojojin masu yaƙi ta tsare su, nesa da fagen daga gwargwadon iko. Sashe na 12 ya ce ta ba su abinci da sutura, a biya ta in an yi sulhu. Hikimar a fili take: in aka bar runduna ta shiga ƙasar 'yan ba-ruwanmu ta huta, ta ci ta ƙoshi, ta sake fitowa, to ƙasar nan ta shiga yaƙin ke nan ko ta so ko ba ta so ba.

Matsalar Barrera ita ce Rio Muni ba ta da wani "nesa". Kamaru ta Jamus ta kewaye ta ta tudu gaba ɗaya, wato yanzu Faransawa ne a bakin ƙofa. Sifaniyawan kansu ba su da iko sosai a cikin kurmin, ƙarfinsu a bakin teku yake. Jama'a ta taru a garin Bata da kewayensa fiye da abin da ƙasar za ta iya ciyarwa, yunwa da atuni suka fara ɗiba. Aka mayar da 'yan dako da yawa Kamaru. Jamusawa farar fata, su wajen 900, aka kwashe yawancinsu zuwa Sifaniya, aka zaunar da su a Pamplona da Zaragoza da Alcalá de Henares, inda suke yawonsu cikin gari. Sojoji baƙaƙe kuwa, da matansu da 'ya'yansu da barorinsu, aka yi ta jigilarsu zuwa Farnando Po. Idan ka haɗa sojan da iyalansu da sauran farar hula, lissafin yana kaiwa tsakanin 15,000 da 20,000. Babban garin tsibirin, Santa Isabel, wanda yau ake kira Malabo, bai kusa kai wannan yawan ba. An ce baƙo raɓa ne. Wannan raɓar ta fi masu gida yawa.

Sansanin da fursunoni suka gina da hannunsu

Ba a tarar da ɗaki ko ɗaya yana jira ba. Kurmi aka nuna musu a gefen Santa Isabel, suka sa adda da gatari. Aka kasa sojojin sansani uku, kowane sansani kamfani-kamfani kamar yadda suke a fagen daga. Suka sare itatuwa, suka fitar da tituna, suka yi ɗakuna da asibiti, suka shuka rogo da gwaza da ayaba da masara, domin abincin da ake kawowa ta jirgin ruwa ba ya isa. Watannin farko, kafin amfanin gona ya nuna, su ne mafi tsanani, kuma mutane da yawa sun mutu a cikinsu. Farar hula, waɗanda sarakunan ƙabilar Beti ke jagoranta, aka ba su fili a yammacin tsibirin, wajen San Carlos, garin da yau ake kira Luba. Babbansu shi ne Karl Atangana, wanda Jamusawa suka naɗa shugaban sarakunan Ewondo da Bane.

To ga inda gizo ke saƙa. Wa ke tsaron wa? Sifaniya ba ta da hafsoshin da za su iya da mutum 6,000 da ba su jin yarenta, don haka ta bar wasu hafsoshi da sajojin Jamus a kansu. Kuɗin tafiyar da sansanin ma daga Jamus yake zuwa, ta ofishin jakadancinta na Madrid. Sojojin suka ci gaba da fareti da horo, bindiga ce kawai babu. Ka duba da idon Bafaranshen da ke zaune a Duwala: ga cikakkiyar runduna, da hafsoshinta, da albashinta, tana atisaye a wurin da jirgin ruwa zai iso maka cikin dare ɗaya, alhali kai an kwashe maka yawancin sojojinka zuwa wasu fagagen. Rundunar Najeriya ma a ƙarshen 1916 aka ɗebe ta zuwa Gabashin Afirka. Abin da ya rage kawai jirgi ɗaya ya sauke akwatunan bindigogi a wani lungu na tsibirin.

Shi ya sa Faransa da Ingila suka yi ta matsa wa Madrid lamba. Daga ƙarshe Sifaniya ta aiko da sojojin ruwanta daga gida su karɓi sansanonin, kuma zuwa 1917 an kwashe yawancin hafsoshin Jamus zuwa Turai. Harin da ake tsoro bai taɓa faruwa ba. Su kuwa mazauna sansanin, a ranar da gari ya yi garau suna iya hango Dutsen Kamaru, mai tsayin sama da mita 4,000, a tsallaken ruwa.

Akwai wata tambaya da Jamusawa suka yi gaggawar amsawa: me ya sa dubban mutane suka bi su har gudun hijira? Suka ce ƙauna ce da biyayya. Bayan yaƙi har littafi mai hotuna suka buga na tsaftatattun titunan sansanin da gonakinsa, don su nuna wa masu zaman sulhu cewa sun iya riƙon 'yan mulkin mallaka, a mayar musu da ƙasashensu. A ganina wannan amsar ta yi sauƙi da yawa. Wannan gwamnatin ce fa ta rataye Rudolf Duala Manga Bell a Duwala ranar 8 ga Agustan 1914, ta harbe Martin-Paul Samba a Ebolowa a wannan ranar. Ɗan dako ba a tambayarsa ko yana son tafiya. Sojan da ya shekara yana ƙwace abinci a ƙauyuka da sunan gwamnati ya san abin da ke jiransa in ya tuɓe kaki ya koma shi kaɗai. Yana kuma bin Jamus bashin albashi, wanda in ya gudu ya yafe. Sarkin da Jamus ta naɗa, rawaninsa na tare da ita. Matar soja kuma mijinta take bi. Kuma a farkon 1916 ba wanda ya san wa zai ci yaƙin. Mai hankali zai iya lissafa cewa Jamus za ta dawo, wanda ya tsaya tare da ita shi zai ci riba.

Lissafin bai fita ba. Aka tsagaita wuta a Nuwamban 1918, kuma a yarjejeniyar Versailles ta 28 ga Yunin 1919 Jamus ta saki duk ƙasashen da take mallaka. A cikin 1919 aka shiga mayar da mutanen sansanin Kamaru, ƙasar da ta riga ta zama ta Faransa da Ingila, inda sababbin masu mulki ke musu kallon 'yan leƙen asirin Jamus. Atangana da wasu sarakuna suka tafi Sifaniya, ya gana da Sarki Alfonso na 13 a 1919 yana neman a sa baki. Bai dawo gida ba sai 1920. Faransawa suka fara tura shi Dschang aikin hanya, sannan da suka ga ba su da wanda ya fi shi iya riƙe Yawunde, suka mayar masa da sarautarsa. Ya riƙe ta har ya rasu a 1943. Yankin da Ingila ta samu a arewa, daga Dikwa zuwa Mambila, shi ne ya zaɓi Najeriya a ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairun 1961, aka sa masa suna Lardin Sardauna.

In kana son ka ga yadda ƙaddarar sojan wancan zamani ke rataye a kan inda yaƙi ya ritsa da shi, dubi Chari Maigumeri. Shi ma sojan Jamus ne a Kamaru, amma a Garwa aka kama shi a 1915, don haka bai ga tsibirin ba. A 1917 ya shiga Rundunar Najeriya, aka kai shi Gabashin Afirka ya yaƙi Jamusawan da ya yi wa aiki. Ya zama samanjan bataliya, ya yi Yaƙin Duniya na Biyu a Habasha da Bama ta Asiya, ya yi ritaya a 1953 da muƙamin kyaftin na girmamawa. Barikin soja na Lakwaja sunansa yake ɗauke da shi. Abokan aikinsa da suka bi hanyar kudu suna can suna noman rogo a bayan Santa Isabel lokacin da shi yake karɓar sabon kaki.

Bayan an watse

Filayen da aka sare suka zauna wa Sifaniya, tsohuwar matsalar tsibirin kuma ta dawo: ga ƙasa mai kyau, ga koko na kuɗi, babu ma'aikata, domin cututtuka da aikin tilas sun riga sun rage Bubi ƙwarai. Aka juya ga Laberiya, inda manyan gwamnati ke kama mutane suna turawa ana biyansu kan kowane kai. Da Majalisar Ƙasashen Duniya ta wancan lokaci ta yi bincike a 1930, abin kunyar ya ci kujerar Shugaba Charles King. Sai aka juyo Najeriya. Masu kwale-kwale suka yi ta satar haye da matasa daga Kalaba da Oron, kafin Ingila da Sifaniya su sa hannu a yarjejeniyar ɗaukar lebura a 1942. Mutanen kudu maso gabas suna kiran wurin "Panya", daga sunan Sifaniya, kuma sunan ya zama kwatancen wurin da ake shiga da sauƙi, fita da wuya.

Ƙasar ta samu 'yanci ranar 12 ga Oktoban 1968, ta faɗa hannun Francisco Macías Nguema. Shi ya mai da kurkukun Black Beach na Malabo mayanka, kuma da jama'a suka fara tserewa ta teku, sai ya hana kamun kifi ya sa aka farfasa kwale-kwale. Leburorin Najeriya suka shiga uku: ga duka, ga rashin biya, ga kisa. A ƙarshen 1975 da farkon 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta aika jiragen ruwa da na sama ta kwaso dubun-dubatarsu zuwa gida. Gonakin koko suka koma kurmi, har yau kuma noman bai koma yadda yake ba.